Farin da Ya Sauka a Hannun Farruja

Ban taɓa ganin an zo neman aure an tashi ba a sha gahawa ba sai a gidanmu.

Ranar Talata ce, saura kwana uku a fita tarben tafsut, lokacin da sanyi ke sakin ƙasa ciyawa ta fara leƙowa. Mezyan ya zo da kawunsa karo na uku neman auren ƙanwata Farruja. Sun zauna a kan shimfiɗar ulu, kawun ya gyara murya zai fara jan dogon bayaninsa, sai ga wani farin malam-buɗe-littafi ya shigo ta ƙofar da na bari a buɗe don hayaƙi ya fita.

Bai yi ta karo da bango ba yadda suka saba. Ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ya bi ta saman kan Mezyan, ya je ya sauka a kan alkyabbar Arazki da ke rataye a ƙusa.

Nna Malha ta ajiye butar gahawa a hankali.

"Ya ji ku," ta ce. "Kun shigo gidansa kuna maganar matarsa, ga shi ya zo."

Nna Malha yayar mahaifiyarmu ce, ita ta riƙe mu ni da Farruja tun muna 'yan mitsi-mitsi bayan iyayenmu sun rasu. Arazki kuwa babban ɗanta ne, mijin Farruja, wanda wutar daji ta cinye a gangaren da ke ƙasan ƙauyenmu, bana shekara ta uku ke nan. Abin da aka tattaro aka binne bai cika zani ɗaya ba.

A wajen tsofaffinmu, duk wanda ya mutu bai yi sallama ba yakan dawo cikin farin malam-buɗe-littafi ya duba gidansa. Liman ya yi wa'azi a kan wannan har muryarsa ta dashe. Sukan ce masa gaskiya ne, Allah ya saka da alheri, su koma gida su bar wa 'ya'yansu ƙofa a buɗe.

Da Mezyan ya yi shiru, da an wuce wurin. To amma malamin makaranta ne daga birnin Tizi Wuzu, kuma ƙwarin nan su ne abin da ya fi sani a duniya. Ya miƙa wuya ya dubi alkyabbar, ya yi ɗan murmushi.

"Nna, ai wannan na kabeji ne. Daga lambunki ya fito."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawunsa ya take masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

"Ɗan nawa ne na kabeji?"

Balaid, ƙanen marigayin, ya tuntsire da dariya daga bakin murhu. Shi ne wanda Nna take so Farruja ta aura, don kada ta bar gidan. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ya fi shi girma. Ya juya ga uwarsa.

"Yemma, ki bar mai bin ƙwari. Mutumin da ke kwanciya rub da ciki a gonar mutane yana lallaɓa ƙwaro kamar ɓarawon kaji, me kike so ya sani game da mutuwa?"

Nna ba ta dube shi ba. Idonta na kan Mezyan.

"Tunda ka san su, za mu tambaye shi a gabanka. Ranar Juma'a, in an fita tarben tafsut, Farruja za ta tsaya a wurin da ya faɗi. In bai zo ba har rana ta taɓa kututturen da aka tsince shi a gindinsa, ya sake ta, ni ma na sake ta, da hannuna zan sa mata lalle. In kuwa ya sauka a jikinta, bai yarda ta bar gidan ubansa ba. Za ta zauna, Balaid ya riƙe ta."

"Ya zo da kyamarar tasa," in ji Balaid, "tunda an ce ita ba ta ƙarya. Kada gobe a ce idon tsohuwa ne."

Na waiwaya bayan labule inda Farruja take tsaye. Ta toshe bakinta da gefen ɗankwali, hawaye na bin yatsunta. Da na sake duban alkyabbar babu komai a kanta, kuma ban ga fitarsa ba, alhali ni ce a bakin ƙofa.

*

Washegari muka sauka gonar zaitun tsince ragowar 'ya'yan da suka zube. Mezyan ya ɓullo daga ƙasa, wandonsa duk laka a gwiwa, kyamarar nan mai dogon baki na lilo a ƙirjinsa. Haka muka fara ganinsa shekara biyu da suka wuce. Tun bayan wutar yake hawowa duk ƙarshen sanyi, yana ɗaukar hoton malam-buɗe-littafin da suka dawo gangarenmu yana rubutawa. Akwai wani guda ɗaya da yake nema, fari mai ratsin kore a ƙasan fiffike, wanda ke riga sauran fitowa. Ya ce tun wutar ba a sake ganinsa a nan ba, kuma ranar da ya gan shi zai san ƙasar ta warke. Yana cikin wannan neman ya ga ƙanwata.

Na koma gindin wata bishiya na zama kurma.

"Farruja, ki dube ni mana."

"In dube ka in ga me? Ɗan nata ka kira na kabeji, Mezyan. A ɗakinta!"

"Na yi wauta, na sani. Amma ki saurare ni. Shekararki talatin, ba wanda zai ɗaura miki aure ba da yardarki ba. Gobe in kin ce mu tafi Tizi Wuzu, mun tafi."

"Da bakin Nna a bayana? Matar da ta tauna abinci ta sa min a baki? Kai ka san abin da bakin uwa ke yi wa aure kuwa?" Ta fashe da kuka. "Ina son ka, Allah ya sani. Na yi tsammani zuciyata ta ƙone tare da gangaren nan, sai da ka zo na san da saura. Amma ba zan fita gidan nan tana tsine min ba. Ba zan iya ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"To ba sai ta tsine ba. Nna ta zaɓi lokacin da ya fi mana kyau ba ta sani ba. Ƙwarin nan ba sa iya tashi da sanyin safe, sai rana ta gasa musu fiffike. Shi ya sa nake sammako, a lokacin ne suke tsayawa a ɗauke su. Gangaren nan kuma rana ba ta isa can da wuri. Kafin su motsa, ta taɓa kututturen, an gama."

"In kuma wani ya tashi?"

"Kada ki sa rawaya, suna bin ta. Kada ki shafa turare. Kuma don Allah kada ki yi kuka, gishirin hawaye na jan su."

Ta share fuska, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ka ce in tsaya inda mijina ya ƙone kada in yi kuka."

"Na rabin sa'a kawai."

Ta yi ta murza ɗan zaitun a tsakanin yatsu har ya fashe. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa, sai da na daina kurumtar na kasa kunne.

"Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar wutar Arazki ya riga ya fito daga cikinta. Ya iso har bakin masallaci, lafiyarsa lau, toka kawai a gashinsa. Ni na ce masa awaki suna can a ɗaure. Ni na ce, Mezyan. Ya dube ni, ya ce yanzu zai dawo."

"Farruja..."

"In shi ne fa? In da gaske dawowar yake yi?"

"Ba shi ba ne. Na rantse miki ba shi ba ne. Ƙwaro ne, daga tsutsa yake fitowa, kwana kaɗan ya mutu."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda na tabbata ina son ki."

Ta gyaɗa kai. Ni dai na ci gaba da tsintar zaitun, amma wannan maganar ta awaki ko ni Wardiya, yayarta, ban taɓa jin ta ba.

*

Ranar Juma'a gari ya waye da hazo. Tun da asuba aka ɗora kuskus da ƙwai, yara suka fito da 'yan kwandunan alawarsu, mata suka sha ado da rigunan rawaya da jan zani mai ratsi, ana waƙa ana haurawa fili don a tarbi tafsut yadda aka gada. Farruja ta fito da tsohuwar riga ruwan ƙasa, ko kwalli babu.

Nna ta dube ta sama da ƙasa.

"Haka za ki je gaban mijinki?"

"Sanyi nake ji, Nna."

A mararraba muka rabu da jama'a, mu biyar muka gangara: Nna da Balaid a gaba, ni da Farruja, Mezyan a baya. Muna sauka waƙar matan na raguwa, har ta ɗauke gaba ɗaya kamar an rufe ƙofa.

Ba na son gangaren nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Bishiyoyin suna nan tsaye baƙi ƙirin, ba ganye ba tsuntsu. A ƙarƙashinsu kuwa ciyawa ta yi kore shar, furanni sun rufe ƙasa, kuma babu inda suka kai yawa kamar kewayen kututturen da aka tsinci Arazki. Shekara uku ana ruwa ana ƙanƙara, amma in ka ja numfashi sai ka ji ƙauri a maƙogwaro.

Farruja ta tsaya a gefen kututturen, raɓa ta jiƙa mata ƙafa har ƙauri. Mezyan ya tsaya taku biyar daga ita. Balaid mai baki ya kasa duban wurin, ya zura hannu a aljihu yana kallon takalminsa.

Nna ta ɗaga murya.

"Arazki! Ɗana! Ga matarka na kawo maka. In kana da magana ka zo ka faɗa."

Dutsen da ke tsallaken kwari ya maido mata da sunan. Bayan nan ba abin da ya motsa.

Muka tsaya. Haƙorana na haɗuwa don sanyi. Can rana ta leƙo ta bayan dutsen Jurjura, haskenta ya fara sauka daga saman gangaren, bishiya bayan bishiya. Ina kallon fuskar Farruja. Leɓenta na rawa, ta cije shi, idonta ya kaɗa ya yi ja amma ko ɗigo ba ta bari ya zubo ba. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kowa, da mai rai da mamaci.

"Arazki!" Nna ta sake kira, wannan karon muryar ta karye. "Ko sau ɗaya, ɗana."

Shiru. Hasken ya sauko, saura kamar kamu biyu ya taɓa kututturen. Na saci kallon Mezyan, na ga yana motsa baki, ban sani ba ko addu'a yake ko lissafi.

Nna ba ta jira ƙarshen ba. Kafaɗunta suka sauka, ta zama 'yar ƙaramar tsohuwa a gabanmu.

"Ranar Talata ya zo, yau ya ƙi," ta ce, ba da kowa take ba. "Fushi ya yi da ni. Balaid, kama ni mu tafi. In mun isa gida na faɗi abin da zan faɗa."

Ya kama hannunta suka juya, suka fara hawa a hankali. Na ji daɗi ya cika min ciki, na ce a raina shi ke nan, ƙanwata ta fita.

To, akwai abin da Mezyan bai lissafa ba. Namiji ne, kuma ɗan birni. A wajenmu mace ba ta komawa gida daga tarben tafsut hannu rabbana, sai ta tsinko furen wurin da ta tsaya ta soke a bakin ƙofa, in ba haka ba an ce shekarar gidan a bushe za ta zo. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi da kansa. Ni na san wannan, amma ban san inda malam-buɗe-littafi ke kwana ba. Shi ya san inda suke kwana, bai san al'adar ba.

Farruja ta sunkuya ta tsinko damin furanni daga gindin kututturen.

Da ta miƙe, wani abu da na ɗauka ganye ne ya motsa a cikin damin. Ya tako a hankali, ƙafa bayan ƙafa, ya bi kara ya sauko, ya hau babban yatsanta, ya zo ya tsaya daidai wuyan hannunta inda jijiya ke bugawa. Fiffikensa a rufe. Fari ne, da ratsin kore.

Na dubi sama. Nna da Balaid sun ba mu baya, ba su ga komai ba. Yarfe hannu ɗaya ya isa.

"Yarfe shi!" na ce da raɗa. "Farruja, yarfe!"

Sai na ji wata muryar a gefena, can ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kada ki motsa."

Mezyan ne. Ya riga ya kai gwiwa ƙasa, ya karkace don kada inuwarsa ta faɗa kan hannun, ya ɗauke numfashi, kyamara a ido. Fuskarsa ba ta mai neman aure ba ce. Shekara uku yana jiran wannan ƙwaron, jikinsa ya yi abin da ya saba kafin hankalinsa ya iso.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

A wurin da ko tsuntsu babu, ƙarar ta tafi har saman gangare. Nna ta tsaya. Ta waiwayo.

Ba ta yi ihu ba. Ta zare hannunta daga na Balaid, ta sauko da gudu-gudu kamar ba ita ce aka riƙe yanzu ba, ta zo ta durƙusa a gaban Farruja cikin raɓa. A daidai lokacin hasken ya taɓa kututturen, ƙwaron ya buɗe fiffike a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Sannu da zuwa, ɗana," in ji Nna. "Ashe jira kake in juya baya. Kunya kake ji, kamar kullum."

Sai ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, dutse ya amsa mata.

Mezyan ya sauke kyamarar. Na ga lokacin da ya gane abin da ya yi, jini ya bar fuskarsa.

"Nna, ki tsaya! Barci yake a cikin furen, ɗumin hannunta ya bi. Ko hannun wa ne zai hau, ko nawa, ko na Wardiya!"

"Amma nata ya hau," in ji Balaid. Babu dariya a muryarsa. "Kai ka ɗauka da hannunka, malam. Ba mu muka ce ba."

Ƙwaron ya tashi. Ga furanni ko'ina, rana ta hau kansu, bai kula ko ɗaya ba. Ya yi sama ya miƙe sak ya nufi ƙauye, muna kallonsa har ya ɓace ta wajen rufin gidanmu. Na dubi Mezyan ko zai ce wani abu a kan wannan. Bai ce ba.

Nna ta miƙe ta sumbaci goshin Farruja, ta karɓi furannin ta rungume, ta ce wa Balaid ya wuce gaba ya gaya wa liman suna son ganinsa bayan sallar Juma'a.

Mezyan ya sha gaban Farruja, hawaye na zuba, bai damu da wa ke kallo ba.

"Ki yafe min. Ni na kashe mu da bakina. Da ban ce kada ki motsa ba, da kin yarfe shi, da yanzu an gama. Farruja, ki ce wani abu! Ki zage ni ma. Zan koma wajen liman, zan kawo kawuna, zan kwana a ƙofar gidanku har Nna ta ji ni. Ba zan bar ki ba don na yi wauta ta minti ɗaya."

Ta ɗago ta dube shi kamar wadda aka tasa daga barci.

"Ka yi magana ne?"

"Na ce kada ki motsa. Shi ya sa kika tsaya."

"Ban ji ka ba," ta ce. "Wallahi ban ji kowa ba."

Ta ratsa ta gefensa ta bi bayan Nna.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya kyamarar ya danna, hoton ya fito a ɗan gilashin bayanta. Ya kalla, ya kalla, sai ya miƙo min.

Ƙwaron ya fito tsaf, har ratsin koren ana iya ƙirgawa. Amma a saman hoton fuskar Farruja ta shigo, ta sunkuyo tana kallon wuyan hannunta, tana murmushi. Shekara biyu Mezyan yana ɗaukar ta hoto a gonar zaitun, bai taɓa samun wannan murmushin ba. Ni kuwa na san shi sarai, na kuma san wanda ake yi wa shi.

"Wardiya," ya ce, "ke kin san ta. Ki gaya min gaskiya, da ban yi magana ba, za ta yarfe shi?"

Na ɗaga kai na dubi hanya. Farruja ta yi nisa, tana hawa ita kaɗai tsakanin baƙaƙen bishiyoyi, ta ɗage hannun nan a gabanta, tana kare shi da ɗayan don kada ciyawa ta goge wurin.